Bokitin raba ƙurar katako da na haɗa yana lotsewa, ina neman shawara

Kafintan Asabar, Unguwar Mu'azu

Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya, amma sai na ɗan yi shimfiɗa kafin a gane inda gizo yake saƙa.

Ni ba kafintan gado ba ne. Malamin makaranta ne ni, sai dai shekara 6 ke nan ina taɓa aikin katako a gida ranakun Asabar da Lahadi da lokacin hutu. Da benci da teburin karatun yara na fara, yanzu har kabad ɗin kicin da wadrob nakan yi wa dangi da maƙwabta. Wurin aikina wani ɗan shago ne a jikin zaure, ƙafa 10 a ƙafa 12, taga ɗaya, ƙofarsa kuma tsakar gida take kallo. Ina da zarton lantarki na hannu, da injin goge katako, da ƙaramar rawta ta fere gurbi, da injin fere.

Ƙura ce ta ishe mu. Duk ranar da na goge maɗaci, jan gari sai ya bi ko'ina: shanyar kaya, murfin tukwane, har allunan yara. Uwargida ta yi haƙuri iyakar haƙuri. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne autarmu, 'yar shekara 7. Na lura duk daren da na wuni ina goge katako, musamman MDF, wato allon da ake yi da garin katako da gam, sai ta kwana tana tari. Ran da ban yi aiki ba, lafiya lau take barci.

Shi ya sa na sayi injin zuƙar ƙura na gwanjo, mai wat 1,200, irin mai tulu da taya, filtarsa mai ninki-ninki kamar ta iskar mota. Minti goman farko ja yake kamar zai haɗiye tabarma. Daga nan sai filta ta toshe, ƙarfi ya faɗi, kukan injin ya sauya. Sai na kashe, na fita lungu na karkaɗe filtar, ƙurar da na sha wuyar tarawa ta sake tashi ta shige mini hanci.

Na kalli bidiyoyi na ga ana sa bokiti tsakanin tiyo da inji don ƙurar ta faɗa can kafin ta kai filta. Na samo bokitin fenti mai lita 20, na huda murfin wuri biyu, ɗaya a tsakiya, ɗaya a gefe. Na zura fayif ɗin roba mai inci 2 a kowanne, na gefen na sa masa gwiwa, wadda masu aikin famfo ke kira elbo, don iskar ta riƙa zagayawa. Ga abin da na samu. Da farko yana rabawa ba laifi, amma da bokitin ya kai kashi ɗaya cikin uku sai ƙurar ta riƙa wucewa inji kamar babu komai a tsakani. Ran nan kuma wani guntun katako ya toshe bakin tiyo, kafin in kai hannu in kashe, bokitin ya lotse kamar gwangwanin madara da aka taka. Na sake wani, shi ma haka. Ban da wannan, da na ɗan ja tiyo sai ya kife. Tun shigowar hunturu kuma tiyon yake fizgata da wuta a hannu.

Ina so ya zama abin da zan iya ɗauka, don wani lokaci nakan je gidan mutane in kafa kabad, kuma a Keke Napep nake loda kayana. Me na yi ba daidai ba? Da duro zan yi, ko in je Panteka, kasuwar masu ƙira ta Kaduna, a ƙera mini na ƙarfe? Kuma in na gyara shi, zai raba yarinyar nan da tarin?

Baba Tsohon Kafinta, Tudun Wada

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ba yarinya lafiya.

Ni shekara 40 da ɗoriya ina wannan sana'a, kuma mafi yawansu da tsintsiya da tsumma a hanci muka yi su. Yau in na hau bene ɗaya sai na tsaya na huta. Saboda haka na ji daɗi da ka farka da wuri.

Ɗana ne ya haɗa mana irin wannan a shago shekara biyu da suka wuce, kuma duk abin da ka lissafa mun gani. Abu na farko, ka rabu da bokitin fenti guda ɗaya. Robarsa ba ta da ƙashi. In dole sai bokiti, ka cusa ɗaya cikin ɗaya su zama biyu. Amma mu shuɗin duron roba muka koma, mai lita 60, irin mai faɗin baki da zoben ƙarfe na ɗaure murfi. Ka tambayi abin da aka taɓa zubawa a ciki kafin ka saya, ka kuma wanke shi sosai ka shanya, don wasu sinadarai ake kawowa a cikinsu. Shi ma duron ba ya ƙin lotsewa in an matsa masa, don haka ka yanka zoben filawud daidai cikinsa ka tura shi ya tsaya a tsakiya kamar ɗamara.

Abu na biyu, wanda ya fi ba mu wuya kafin mu gane, shi ne yoyon iska. Ko ƙofar da ba ta fi ta allura ba ce a bakin murfi, iska za ta kutso ta nan ta tayar da abin da ya riga ya kwanta. Ka yanka tsohuwar robar cikin tayar babur ka manna ta zagaye da bakin murfin. Sannan ka kunna turaren tsinke, ka kunna inji, ka bi duk mahaɗa da shi a hankali. Inda ka ga hayaƙi ya karkata ya shige, nan ɓarawon yake. Ka toshe da gam ɗin silikon, ka bari ya kwana.

Zancen auna faifan da muka sa a cikin duron kuwa, na bar wa masu boko, don ɗan nawa ne ya yi lissafin.

Injiniya Ɗan Rigasa

Baba ya gama rabin magana, Allah ya ƙara masa lafiya. Malam, bari in ɗora daga inda ya tsaya.

Ka taɓa tsayawa ka kalli guguwa a fili lokacin bazara? Tana ɗaukar leda da ganye da yashi, amma masu nauyi gefe ake wurga su, tsakiyarta kusan fayau take. Wannan ne aikin da gwiwar da ka sa take yi. Iska ta shigo ta gefe, ta bi bango tana juyawa, nauyin ƙura ya kai ta jikin bango, ta rage gudu saboda gogayya, ta zame ƙasa. Iskar da ta ragu kuma ta fita ta fayif ɗin tsakiya. Har nan ka yi daidai.

Inda ka samu matsala shi ne guguwar taka ba ta da iyaka ta ƙasa. Juyawa take har gindin bokiti. Lokacin da babu komai a ciki, nesa take da fayif ɗin fita, ba ka ganin illa. Da tarin ya taso, sai ta riƙa sharar samansa tana miƙa wa inji. Shi ya sa ka ga abin ya lalace daidai kashi ɗaya cikin uku.

Maganin shi ne a raba ɗakin juyawa da ɗakin ajiya. Wani Ba'amurke mai suna Phil Thien ne ya fito da hanya mafi sauƙi, har ake kiran faifan da sunansa. Faifai ne na katako marar kauri da ake ratayawa ƙarƙashin murfi, ya rufe cikin duron duka, sai dai an bar tsaga a gefensa a jikin bango. Ka ɗauka fuskar agogo ce. Awa 4 daga cikin 12, wato digiri 120, faifan ya taɓa bango ba tsaga. Sauran awa 8, digiri 240, ka rage gefensa ya bar tsaga mai faɗin inci ɗaya da ɗan ɗori, wajen milimita 28 zuwa 30. Ƙura tana bin bango, in ta iso tsagar sai ta faɗa ƙasa, iskar da ke juyawa kuma tana saman faifai, ba ta da hanyar da za ta koma ta tono abin da ya faɗa.

Ka kula da wannan sosai, don nan mutane da yawa suke juya abin. Ɓangaren da ba tsaga ya fara daga ƙarƙashin bakin gwiwar, ya miƙe ta inda iska take dosa. Wato iska ta fito ta fara gudu a kan rufaffen wuri tukuna, ta daidaita, kafin ta tarar da tsaga. In ka sa tsagar a daidai bakin gwiwa, iskar za ta daka kai tsaye cikin duro, ka koma gidan jiya.

Ga yadda zan yi da ni ne. Murfi: filawud mai milimita 18, ka fere masa gurbi da rawtarka yadda zai zauna a bakin duro, ga robar da Baba ya faɗa. Faifai: milimita 6 ya isa, kuma ɓangaren da ya fi santsi ya kalli sama. Ka rataye shi da dogayen noti uku, tazararsa da murfi daidai tsayin gwiwar, har gwiwar ta kusan zama a kansa. Notin kuma ka ja su ciki kusa da tsakiya, kada su tsaya a hanyar da ƙura take bi. Fayif ɗin fita ya leƙo ƙasan murfi kamar inci ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kada ya tsaya daidai da murfin, kada kuma ya sauka ya kusa taɓa faifai. Bakin gwiwa ya manne da bango iyakar iyawa.

Zancen lotsewa, lissafi ne kawai. Injuna irin naka in aka toshe bakinsu suna iya rage matsin iskar ciki da kamar kilofaskal 15 ko fiye (kilofaskal ma'aunin matsin iska ne). Murfin bokitin fenti faɗinsa wajen santimita 30 ne. In ka buga, nauyin da iskar waje take danna wa murfin kaɗai ya haura kilo 100, kamar ka ɗora masa buhun siminti biyu. Bangon bokitin kuma ya fi murfin faɗi, ga shi siriri. A duro mai faɗin santimita 40 abin ya doshi kilo 190. Saboda haka kada ka raina zoben da Baba ya ce, kada kuma ka yi murfi da filawud siriri. In kana so ka ƙara tsaro, ka huda ƙaramar ƙofa a fayif ɗin da ke tafiya inji, ka rufe ta daga ciki da ɗan faifan roba da sifirin ke riƙewa. In tiyo ya toshe sai ta buɗe da kanta ta ba da iska. Wannan yana taimakon injin ma, don wasu injunan da iskar da suke ja suke huce kansu, in ta tsaya sai koyil ya ƙone.

Fizgar wuta kuwa ba daga wayar gida ba ce. Bushewar hunturu ce. Gari yana gogar roba a guje, caji yana taruwa, babu laimar da za ta sauke shi, sai ya jira hannunka. Ka samo wayar jan ƙarfe marar riga ka naɗe ta a bayan tiyon daga baki har duro, ka haɗa ƙarshenta da wayar ƙasa ta gidan in akwai ta ƙwarai, ko da ƙarfen da aka kafa a ƙasa. Kada ka zura ta cikin tiyo, zaren fere zai maƙale a jikinta ya toshe maka hanya. Da damina za ka ga abin ya ɓace da kansa.

Gargaɗi ɗaya da ba na wasa da shi: kada ka taɓa zuƙar tartsatsin injin gurza ƙarfe, ko toka, ko guntun sigari da wannan abin. Busasshen gari ne a rufe ga iska tana hura shi. Yana iya cin wuta a hankali a cikin duro ba ka sani ba sai cikin dare.

Sai maganar wuta. In an ɗauke kana son aiki da janareta, ƙaramin nan da bai kai wat 1,000 ba ba zai ɗauki injinka ba, balle a haɗa da zarto. Ka fara kunna mai zuƙa ya daidaita, sannan ka kunna na yanka.

Mai Walda a Panteka

Injiniya, ban ƙi taka ba, amma ni ina ganin in mutum zai yi, ya yi mai gaba ɗaya. Faifan nan dabara ce ta wanda ba shi da wurin ƙira. Mu nan muna naɗa mazurari da farantin ƙarfe, sama faɗi ƙasa tsuke, a ɗora shi kan duron ƙarfe. Tun da yana tsukewa, iska tana ƙara saurin juyawa tana sauka, sai ya fi kama lallausan gari. Irinsa ne a kan injunan niƙa da kake gani, ba yau aka fara ba. Ƙarfe kuma ba ya lotsewa da sauƙi, ba ya tara cajin nan in an sauke shi ƙasa, in ma wuta ta kama ba zai narke ba. Malam ya zo da injinsa da tiyonsa a auna a yi masa daidai.

Injiniya Ɗan Rigasa

Gaskiyarka Oga, mazurari mai kyau ya fi faifai kama lallausan gari, ban musa ba. Na roba da ake sayarwa a waje irin su Dust Deputy ma siffar ke nan. Amma ka duba abin da Malam ya ce: keke zai riƙa hawa da shi. Mazurari tsayi yake so, in ka ɗora shi kan duro ya zama doguwar hasumiya mai nauyi a ka, ga shi tun yanzu yana kukan kifewa. Kuma in ba a samu ma'aunin daidai ba, ko aka bar tudun walda a ciki, faifan filawud sai ya fi shi aiki. Ni dai shawarata ya fara da faifai, kayan duk suna shagonsa. In aiki ya bunƙasa ya kafa babban shago, sai ya zo gare ku a yi masa na dindindin.

Maman Iman, ma'aikaciyar jinya, Malali

Malam, sannu da ƙoƙari. Ni ban san komai a kan fayif da noti ba, mijina ne yake bin wannan zaure ya nuna mini tambayarka ta ƙarshe, wadda na ga har yanzu ba wanda ya amsa ta.

Amsar ita ce a'a, duron kaɗai ba zai raba ta da tarin ba. Abin da yake kamawa shi ne wanda ido yake gani. Wanda yake shiga ƙirji kuwa shi ne wanda bai kai maikuron 10 ba (maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), alhali kaurin gashin kai ɗaya wajen maikuron 70 ne. Irin wannan ba ya faɗuwa da wuri, yana iya daɗewa yana yawo a ɗaki bayan ka kashe inji ka tafi masallaci. In kana son ganinsa, ka rufe taga da daddare bayan ka gama aiki ka haska tocila. Mai nauyi yana faɗawa duro, shi wannan yana bin iska ya wuce, in filtarka ba mai kyau ba ce ya ratsa ta ya fito ta bayan inji, inji ya watsa shi ɗaki fiye da yadda tsintsiya za ta yi.

Ba ina tsorata ka ba ne, amma ya kamata masu wannan sana'a su sani. Tun 1995 hukumar binciken cutar daji ta duniya da ke Lyon a Faransa, wadda take ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta sa ƙurar katako a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji ga mutum, musamman ta cikin hanci, ga waɗanda suka yi shekaru suna shaƙa. Tun kafin a je nan, akwai asma da mura marar ƙarewa da ƙaiƙayin fata. Katakon iroko sananne ne wajen tayar da asma. MDF kuma garinsa ya fi laushi, ga gam ɗin da aka haɗa shi da shi.

Abin da nake roƙonka: ka kai yarinyar asibiti a saurari ƙirjinta, ka gaya wa likita daidai abin da ka gaya mana, cewa tarin dare ne kuma yana bin ranakun aikinka. Wannan bayanin yana da amfani ƙwarai wurin likita. Kada ka tsaya sayen maganin tari a kemis. Sannan ta daina shiga shagon, ko da ba ka aiki. Rigar aikinka ta tsaya can, kada ka shigo da ita ɗaki ka ɗauki yarinya. Kai ma ka nemi takunkumi mai lamba N95 ko FFP2 wanda yake kama fuska sosai. Shuɗin nan na asibiti da muka saba da shi lokacin korona iska tana shiga ta gefensa, ba don wannan aka yi shi ba. In kana da gemu mai yawa, ka sani yana hana takunkumi zama daidai, sai ka ƙara dagewa wajen kama ƙurar tun daga bakin inji. In kuma za a samu filta mai alamar HEPA da ta dace da injinka, ka saya ko da ta yi tsada, ita ce aka yi don irin wannan lallausan.

Allah ya ba ta lafiya, ya sa a dace.

Kafintan Asabar, Unguwar Mu'azu

Jama'a, na dawo bayan mako uku. Baba, Injiniya, Oga, Hajiya Maman Iman, Allah ya saka muku da alheri, ya biya ku da gidan Aljanna.

Na fara da abin da ya fi muhimmanci. Washegarin da na karanta saƙon Hajiya muka je asibiti. Likita ya saurare ta, ya yi tambayoyi, ya ba mu magani da ranar komawa, ya kuma ce a nisanta ta da ƙurar kamar yadda Hajiya ta faɗa. Na ji nauyi a zuciyata da na tuna sau nawa take zama a bakin ƙofar shagon tana wasa da zaren fere ina kallonta ina jin daɗi. Yanzu na toshe ƙofar tsakar gida da filawud da soso a gefe-gefe, ta zaure nake shiga. Dare goma sha ɗaya ke nan ba ta yi tarin ba, alhamdu lillahi.

Sai duro. Na samu shuɗi mai lita 60 wanda mai shi ya ce kayan abinci aka kawo a ciki, na wanke na shanya kwana biyu. Murfi da faifai na yi su yadda Injiniya ya tsara. Sai da na yanka faifan sau biyu, don duron ba zagayayye ne sosai ba, kuma yana ɗan tsukewa ta wuya, ma'aunin da na ɗauka a baki bai yi daidai da inci 3 ƙasa ba. Wanda zai yi bayana, ya fara yanka kwali ya gwada a daidai zurfin da faifan zai tsaya kafin ya taɓa katako. Turaren Baba kuma ya kama mini ɓarayi biyu: ɗaya a gindin gwiwa, ɗaya a ramin noti, inda ban taɓa zato ba.

Na yi gwaji da mudu. Na auna mudu 10 na dusar zarto da ta fere na zuba a ƙasa, na wanke tulun inji tas, na zuƙe duka. Da na buɗe inji, abin da na tarar bai cika ƙaramin gwangwanin tumatir ba. Na bar duron ya haura rabi na sake gwadawa, bai canza ba. Na toshe bakin tiyo da tafin hannu da gangan na ƙirga biyar, duron ya ɗan yi ƙara amma bai motsa ba. Ƙarfin ja ya ɗan ragu in aka kwatanta da inji shi kaɗai da sabuwar filta, wannan gaskiya ne, sai dai yadda ya fara da safe haka yake har la'asar, kuma wannan ya fi mini.

Amma maganar Hajiya ta tabbata a idona. Ranar da na goge ƙofofin MDF guda shida, na buɗe na ga filta ta yi fari fat da wani gari mai laushi kamar hoda, duk da duron ya kama mafi yawa. Ke nan wannan yana wucewa. Ban samu HEPA daidai injina ba tukuna. Abin da na yi kafin nan, na sa wa bayan injin tiyo na fitar da shi ta taga, iskar da ya fitar ba ta dawowa ɗaki. Takunkumi kuma ba na cire shi sai na fito.

Wajen ɗauka, na fasa ɗora inji a kan duro kamar yadda na so da farko. Na yi musu amalanke ɗaya da filawud, tsawon santimita 90, faɗi 45, suna zaune gefe da gefe, kowanne a cikin gurbinsa, na ɗaure da igiyar roba irin ta 'yan acaɓa. Ƙananan tayoyin kujerar ofis da na fara sawa ba su yi ba, yashin tsakar gida suke nutsewa, dokin ƙofa kuma ya gagare su. Na cire na sa tayoyin tsohon janareta biyu a baya, ƙafafun katako biyu a gaba, da mariƙi kamar na baro. Tsakanin duro da inji fayif ne miƙaƙƙe gajere maimakon tiyo mai ƙunƙumi. Ranar Asabar na kai shi Kawo a keke, duron a kujerar baya, inji a ƙasa, amalanken a tsaye a gefe. Na yanka katako a cikin kicin ɗin mutane, matar gidan ba ta ko ɗauko tsintsiya ba.

Saura tambaya ɗaya. Wata maƙwabciyarmu mai kiwon kaji da wata mai murhun dusa suna karɓar abin da nake tarawa. Da can a ƙasa nake sharewa in ware musu na fere. Yanzu komai a duro ɗaya yake haɗuwa, har da na MDF. In ba su haka?

Baba Tsohon Kafinta, Tudun Wada

Madalla Malam, na yi murna da labarin yarinya.

Kada ka ba su gauraye. Na MDF da na filawud da duk katakon da aka shafa wa maganin gara ko fenti, ba na shimfiɗar kaji ba ne, ba kuma na girki ba ne, hayaƙinsa a fuskar mai tuwo zai ƙare. Kaji ma lallausan gari yana shiga musu hanci, zaren fere suke so. Ka sayi duro na biyu irin wancan sak, tun da murfinka zai hau kowanne. Ka rubuta wa ɗaya alama da jan fenti. Ranar katakon gaske, malaina ko maɗacin da ba a shafa wa komai ba, ka ɗora murfi a kan marar alama. Ranar MDF ka mayar kan mai ja, in ya cika ka yayyafa masa ruwa kafin ka juye a buhu, ka ɗaure baki.

Tiyon da ka fitar ta taga kuma, ka leƙa ka ga inda yake hurawa. In lungun da yara ke wucewa ne ko tagar maƙwabci, ka sa masa gwiwa ya kalli ƙasa, ka ajiye bahon ruwa a ƙarƙashinsa da tazarar taƙi ɗaya. Mu haka muka yi, kuma duk yamma ruwan ja yake zama.